Takardar Dala Ɗari da Ta Tsare Ni a Kazablanka

Tun ranar da ɗan Adam ya daina musayar gero da gishiri ya koma riƙe kuɗi, babu tambayar da ta ɗaure wa masu hankali kai kamar wannan: yaya mutum zai ƙetare iyakar ƙasa, kuɗinsa su biyo shi, ba tare da wani ya gutsure su a hanya ba? Ayarin Azbin sun yi fama da ita a bayan raƙumi, fataken goro sun yi fama da ita a bayan jaki. Ni Laminu, mushe, wato malamin boko, mai koyar da lissafi a wata koleji cikin Damagaram shekara goma sha tara, na ɗauka a hannuna za ta warware. Na ba ta wata uku da rabin littafin rubutu.

Abin da ya jawo tambayar, gurbin karatu na samu a wata makaranta a Rabat, ƙasar Maroko, shekara guda ta koyon tafiyar da makarantu. Wanda ya dawo gida da takardar shaidarsu kujerar darakta yake hange, ya huta da shaƙar alli. Sharaɗinsu ɗaya ne: kuɗin shekara su shiga hannunsu kafin ƙarfe goma sha biyu na Juma'ar makon da aka buɗe, in ba haka ba a ba na baya gurbin. Kuɗin kuwa sefa miliyan ɗaya da jika ɗari huɗu, kowace jika sefa dubu ce. Jika ɗari tara ni na tara su cikin shekara bakwai, da ƙin cin nama da ƙin ɗinkin salla. Sauran ɗari biyar ɗin jan sa ne mai karyayyen ƙaho guda, na yayana Habu da ke Zermu, wanda ya ja shi kasuwa bai ko shawarce ni ba. Da ya kawo kuɗin cikin buhun taki sai ya ce, "Je ka zama darakta. Amma ka riƙa tunawa, sa ne ya kai ka."

Hanyoyi uku na auna. Banki ya ce zai aika, amma zai yanki jika arba'in da biyu, kuma da na tambayi kwana nawa za su yi a hanya, ma'aikacin ya dubi sama kamar mai duban wata. Katin banki kuwa kullum ka sa shi a inji a ƙasar waje sai an ciji wani abu, ga shi ba ya ba da mai yawa a tashi ɗaya. Ta ukun ita ce ta Alhaji Barma, ɗan kasuwar Dole mai kawo jallabiyoyi daga Maroko. Ka ba shi sefa a nan, ka karɓi dirhami a wurin abokin hulɗarsa a Kazablanka, ladansa jika goma sha biyar. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar: ragin jika ashirin da bakwai, kusan buhun gero.

Da Alhaji Barma ya gama ƙirga kuɗin, sai ya jawo aljihun tebur ya zaro wata takardar dala ɗari, wadda 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira sefa ɗari biyar. Ta tsufa, ta yi laushi kamar ganyen yakuwar da ya kwana a miya. Ya ɗauki hotonta da waya, ya miƙo mini.

"Mushe, ka ga wannan? Ba ta da kyan gani, amma ita ce miliyan ɗinka. Lambar jikinta na aika Kazablanka. Wanda ya miƙa ta shi ne mai kuɗin, ko da kare ne."

"Babu wata takarda da za mu sa hannu, Alhaji?"

"Ku 'yan lakwal da sa hannu! Sa hannu ai kowa na iya kwaikwayo. Lambar nan ita kaɗai ce a duniya."

A matsayina na malamin lissafi, maganar ta burge ni ƙwarai. Burgewar ce ma ta hana ni kwafe lambar a littafina. Na sa takardar cikin ambulan, na sa ambulan cikin jakar fasfo, na sa jakar a ƙarƙashin riga. Sauran kayana ba su da yawa: kwat guda, kilishi, sefa jika hamsin na ko-ta-kwana, da wani ƙaton littafin tarihi da na fara karantawa, na ce zan ƙarasa shi a hanya.

Zangon farko: filin jirgi

Na sauka Kazablanka ranar Lahadi da hantsi. Na nufi tagar masu canji da jika hamsin ɗina. Mutumin ya ɗaga takarda ɗaya, ya juya ta gaba da baya yadda nake juya takardar jarrabawar yaron da ban taɓa gani a aji ba, ya turo mini abata. Ba sa karɓa. Kuɗin da na yi shekara goma sha tara ina tashi da asuba dominsu, a nan ko ruwan sha ba za su saya ba.

Sai na koma ga kati. Injin ya tambaye ni cikin ladabi ko ina so shi da kansa ya yi mini canjin a farashinsa. Littafina ya riga ya gargaɗe ni cewa wannan ladabin tsada gare shi, na danna a'a. Ina so a rubuta wannan, domin shi ne kaɗai wurin da bincikena na wata uku ya yi nasara. Littafin ya kuma ce a ciri mai yawa sau ɗaya, tunda ladan injin jika uku da rabi ne ko kaɗan ka cira ko da yawa. Amma me zan yi da mai yawa, ni da gobe zan karɓi miliyan? Na ciri na jirgin ƙasa da kwana ɗaya a otal.

Otal ɗin yana bakin ƙofar tsohon gari. Tagar ɗakina bango take kallo. Duk yinin nan hannuna bai bar ƙirjina ba, ina taɓa jakar fasfo, har mai otal ya tambaye ni ko zuciya ke damuna.

Zango na biyu: shagon Madam Fatu

Litinin da safe na bi kwatancen Alhaji Barma cikin lungunan kasuwa, har na ji ƙamshin busasshen kifi da daddawa, na san na iso wurin mutanenmu na kudu da hamada. Shagon na Alhaji Kyari ne, mutumin Tirmini da ya shekara ashirin a Maroko, amma ba shi na tarar ba. Wata 'yar Senegal ce a bayan tebur, Madam Fatu, mai tabarau a kan karan hanci. Da Faransanci muka yi magana. Ta ce Alhaji yana Tanja sai Alhamis, amma sunana na cikin wayarta, kuɗina kuma na cikin akwatin ƙarfe. In kawo takarda.

Na buɗe ambulan da yatsa biyu, kamar mai fito da jariri daga zane. Abin da ya fito sabuwar takarda ce fil, ko lanƙwasa ba ta taɓa yi ba.

Na dube ta. Na leƙa cikin ambulan. Na girgiza shi. Madam Fatu ta karɓa, ta dubi waya, ta dubi takarda.

"Tawa ta ƙare da huɗu, ɗaya, bakwai. Taka ta ƙare da sifili, tara, biyu. Ka ce me kake koyarwa?"

"Lissafi."

"To ba sai na yi maka bayani ba."

Na ce mata ga fasfo, ga hotona, ga sunana da ta gani a waya. Ta ce suna ba ya buɗe akwatin nan, ko ita da ta shekara tara a shagon ba ta isa ba. Na zauna kan buhun shinkafa ba tare da an ce in zauna ba. Abin da ya fara zuwa mini a rai ba darakta ba ne, ba Rabat ba ne. Jan san nan ne, yana tuƙa a inuwar gawo a ƙofar gidan Yaya Habu.

Na sayi layin waya na ƙasar, na kira matata Hadiza a unguwarmu ta Kara-Kara.

"Maman Nana, kin taɓa ambulan ɗin da ke cikin jakar fasfo?"

"Sannu da sauka dai tukuna, Malam. Ka ci abinci?"

"Ambulan ɗin, Hadiza."

"Au, wannan tsumman? Ai ina gyara maka igiyar jakar na gan shi. Na ce wallahi mijina ba zai shiga ƙasar Larabawa da kuɗi mai warin daddawa ba, a ce haka kuɗin Nijar suke. Na sa maka sabuwa cikin waɗanda na ajiye na liƙin bikin ƙanwata Zara'u. Ba ka ga yadda take sheƙi ba?"

Na ga yadda take sheƙi. Na yi mata bayani a hankali, irin wanda nake yi wa 'yan aji shida ranar da na san kuka na nan tafe.

"Innalillahi. To me ya hana ka faɗa mini?"

"Sirrin kasuwanci ne."

"Ga sirri nan ya yi maka rana. Na jefa ta gwangwanin cefane da ke kan tebur. Bari in duba."

Ba ta cikin gwangwanin. Kwana uku ke nan ana cefane daga cikinsa.

Na kira Alhaji Barma, waya a kashe. Na kira shagonsa, ƙanensa ya ce Alhaji ya tafi Umara tun jiya, wayar wannan harka kuma shi kaɗai ke taɓa ta, sai bayan kwana goma sha biyu. Madam Fatu, da ta ga yadda nake riƙe da wayar, ta sassauto. Ta ce in aka samo tsohuwar a Damagaram, a ɗauko hotonta a hannun matata, wataƙila Alhaji Kyari ya duba. Wataƙila ta ce, kuma ta maimaita. Sannan ta zubo mini shinkafa da kifi daga kwanonta, ta ce mai jin yunwa ba ya tunani. Na ci don kunya. Ban san ɗanɗanonta ba sai daga baya, da na tuna.

Da yamma na koma wurin inji na ciri na kwana ɗaya, tunda gobe za a samo takardar.

Zango na uku: Rabat, zuwa da dawowa

Talata na hau jirgin ƙasa zuwa makarantar, in roƙi a ƙara mini kwanaki. Na sa kwat. Na shirya jawabi mai gabatarwa da sassa uku da kammalawa. Sakataren ya saurari gabatarwar, ya juyo mini da wata takarda mai sunaye goma sha ɗaya, duk masu jiran wani ya kasa biya. Ya ce Juma'a, sha biyun rana. Ba da mugunta ya faɗa ba, har shayi mai na'a-na'a ya sa aka kawo mini. Na lura a ƙasar nan shayi ake fara ba mutum kafin a hana shi abu.

A hanyar dawowa saƙonnin Hadiza suka fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, tana haki.

"Malam, na tuna na ba mai niƙa ɗari ranar Lahadi. Na je, ya zazzage aljihu, babu mai huɗu-ɗaya-bakwai. Ya ce ya ba ɗan ga-ruwa."

"Malam, na samu ɗan ga-ruwan a layin famfo. Ya ce shi kuɗi ba sa kwana a hannunsa, ya ci waina da ita wurin Ta-Annabi."

"Malam, Ta-Annabi ta ce in don ɗari ce in zo ta ba ni kyauta, in daina tozarta ta gaban masu saye."

Na aika mata cewa ta natsu ta bi abin daki-daki, kuma, Allah ya yafe mini, na ƙara da cewa darasin da ke ciki shi ne kada mutum ya taɓa takardar da bai san amfaninta ba. Amsar ba ta ɓata lokaci ba.

"Kai ne za ka yi mini wa'azin takarda? Kai da ka sa katin rigakafin Nana alamar shafi, muka shekara muna nema? Kai da ka sa takardar kuɗin wuta cikin ƙamus har aka yanke mana? Ka bar ni in yi aikina."

Na bar ta. Teku na wucewa ta tagar jirgin, ranar farko da na gan shi a rayuwata, ruwa iya ganin ido, ga matata can tana bin ɗan ga-ruwa a layin famfo. Littafin tarihin yana cikin jakata, ko fito da shi ban iya ba. Na sauka na wuce wurin inji, na ciri na kwana ɗaya.

Zango na huɗu: Laraba

Kada in ciyar da injin kullum, sai na yi dabarar canza jika ashirin daga cikin sefar nan jika hamsin. Wani mutum mai jar hula a bakin kasuwa ya ji ina tambaya, ya kira ni ɗan'uwansa, ya ce ya taɓa zuwa Agadas, ya ce mutanen Nijar sun fi kowa amana. Ya ƙirga mini dirhami a gabana sau biyu, da sauri, yana ba ni labarin wani abokinsa Musa. Da na isa ɗaki na sake ƙirgawa, biyu daga cikin takardun a ninke suke, kowace ta ƙirgu sau biyu. Jika takwas sun bi Musa. Ban koma ba. Baƙo ko da ido makaho ne, balle wanda idonsa ke Kara-Kara.

A can kuwa Hadiza ta sauya salo. Ta sa aka faɗa a unguwa cewa duk mai tsohuwar ɗari ya kawo, ta ba shi sabuwa. Kafin azahar mata sun cika tsakar gida. Wasu suka ce wani malami ne ya ba ta laƙani, wasu suka ce gwamnati za ta soke tsofaffin kuɗi kuma mushe ya ji tun daga waje. Wata tsohuwa ta zo da guda shida a ƙullin zane, ta ce ita ba za a bar ta a baya ba. Hadiza ta kira ni tana karanto mini ƙarshen lambobi, ni kuma ina zaune bakin gado ina cewa a'a.

"Uku, uku, takwas."

"A'a."

"Huɗu, ɗaya..."

Na miƙe tsaye.

"...biyar. Ko bakwai ce? Tsaya, maiƙo ya ci wurin. Biyar ce."

Sabbin takardu ashirin da ta yi wata huɗu tana tarawa don bikin ƙanwarta duk suka tafi. Ta ce, "Yanzu da wane ido zan liƙa wa zabiya waɗannan tsummokara?" Sai kuma ta ce, "Baban Nana, in kuɗin nan suka salwanta, ni zan je Zermu in faɗa wa Yaya Habu. Ni na yi." Na ce mata babu abin da zai salwanta. Na faɗa da muryar da nake ce wa iyaye ɗansu zai ci jarrabawa.

Ranar nan burodi da zaitun na ci, a tsaye. Mai shagon, wani tsoho, ya ga na ajiye ƙwai bayan na ji kuɗinsa, ya jefa mini shi cikin ledar kyauta. Da dirhamin mai jar hula suka kasa kai kuɗin ɗaki da kiredin waya, na koma wurin inji karo na huɗu. Ina jin ya fara gane ni.

Zango na biyar: Alhaji Kyari

Alhamis tun kafin a buɗe shago ina ƙofa. Sai bayan la'asar ya iso, dogo, baƙi, da jallabiyar Maroko da hular Damagaram. Ya gaishe ni da Hausar gida, ya tambayi damina, ya tambayi ruwa, ya ce har yanzu ana layin famfo? Na ce har yanzu. Rabona da jin Hausa baki da baki kwana biyar, saura kaɗan in yi abin kunya.

Ya saurari labarin duka. Bai yi dariya ba, Madam Fatu ce ta juya baya kafaɗunta na rawa.

"Malam, ban ce ƙarya kake ba. Amma an taɓa zuwa mini nan da hawaye, da fasfo, da rantsuwa, na ba da kuɗi. Washegari mai takarda ya zo. Daga aljihuna na biya. Yanzu takardarka tana yawo cikin Damagaram, ban san hannun da za ta faɗa ba. Wa ya san ka a garin nan?"

"Babu kowa."

"A gida fa?"

Na fara jero masa: lambar aikina, shekarar da na fita makarantar horon malamai, sunan mai duba makarantun yankinmu. Na zaro takardun shaida daga jaka. Ya ɗaga hannu.

"Ba takarda na tambaye ka ba, takarda ce ta kawo mu nan. Malamin lakwal ina ya ga miliyan da ɗari huɗu?"

Na gaya masa shekara bakwai ɗina. Bai motsa ba. Na gaya masa san Yaya Habu. Nan ya gyara zama.

"Wace kasuwa?"

"Mirya."

"Nawa?"

"Jika ɗari biyar cif."

"Kamanninsa?"

"Ja ne, ƙahonsa ɗaya a karye."

"Wanne?"

San nan na san shi tun yana maraƙi, na sha ba shi ƙaiƙayi da hannuna, amma ban taɓa tsammanin za a yi mini jarrabawa a kansa ba. Na rufe ido. Ga gawo, ga turke, ga shi yana fuskantata, ina miƙa masa dusa da hannun dama, guntun ƙahon yana gogar wuyan hannuna. In yana fuskantata, damata hagunsa ce.

"Na hagu," na ce. "Hagunsa shi, ba na mai kallo ba."

Alhaji Kyari ya danna waya ya sa ta a fili kowa ya ji. Ƙanensa ya kira, dillalin shanu a Tirmini, wanda ba ya fashin kasuwar Mirya. Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda kowace kalmarta ta rage mini kwana a duniya, ya tambaye shi ko ya san wani jan sa daga Zermu.

"Na Habu? Mai guntun ƙahon hagu? Ai a gabana aka yi cinikin, Yaya. Ɗari biyar. Wallahi ya fi haka, sauri Habu yake. Da aka ja shi sai da ya juya baya yana goge ido da hula. Wai ƙanensa mushe ne zai je karatu Maroko."

"Ka san mushen?"

"A'a, shi ban san shi ba. San dai kowa ya san shi."

Alhaji ya kashe wayar, ya ce wa Madam Fatu ta buɗe akwati. Ya karɓi sabuwar takardar Hadiza ya rubuta sunana a jikinta, ya ce in tsohuwar ta ɓullo a hannun wani, ni da Habu zai nema, kuma ya san hanyar Zermu. Na ce na yarda. Na ƙirga dirhamin takarda ɗaya-ɗaya, ina murza kowace da yatsa kada ta zama a ninke. Shekara goma sha tara ina sa hannu a takardun sakamakon yara, ashe a kasuwar duniya san yayana ya fi ni suna.

Zangon ƙarshe

Juma'a na hau jirgin farko. Kuɗin na ɗaure a ciki da rawanin da Alhaji ya ara mini, ban zauna ba har Rabat. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma sakataren ya buga hatimi a takardar biya. Wannan karon bai ba ni shayi ba, na ɗauki hakan alamar alheri.

Na kira Hadiza. Ta yi guɗa har wayar ta yi ƙara, sannan ta ce in na dawo ni zan nemo mata sababbin takardun ɗari guda ashirin, ko a ina suke.

Na samu benci a farfajiyar makarantar, ƙarƙashin itacen lemo, na fito da littafin rubutuna, domin malamin lissafi ba ya barin allo babu amsa. Ƙarin kwana huɗu a otal, jika ashirin da takwas. Rabat zuwa da dawowa ranar Talata, biyar. Injin da na ziyarta sau huɗu, goma sha huɗu. Kiredin waya, shida. Abokin Musa, takwas. Jika sittin da ɗaya na kashe wajen tsare jika ashirin da bakwai. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, bisa al'ada.

Duk da haka raina fari ƙal. Karo na farko cikin kwana shida hannuna ya bar ƙirjina. Na jawo littafin tarihin nan da na yi ta dako tun daga gida, na buɗe inda na tsaya safiyar tashina, lokacin da ɗan kabu-kabu ke danna oda a ƙofa, na miƙa hannu cikin gwangwanin da ke kan tebur na ɗauki abin da ya samu na sa alama.

Tana shafi na tamanin da huɗu. Lambarta ta ƙare da huɗu, ɗaya, bakwai.